Edna Ta Tafi Awo

Litinin, 3 ga Maris, ɗaya saura kwata na rana

Akwati biyu sun iso ofis da safe. Kayan wani likitan haƙori ne da ya rasu bara, matarsa ta aiko mana mu yi gwanjonsu. Sandunan azurfa talatin da ɗaya, tun na zamanin da Turawan nan suke tururuwa zuwa Nevada da diga a kafaɗa, kowa yana ganin dutse zai mai da shi sarki. Na ce sanduna ne don ban sami wata kalma ba. Babbar cikinsu ba ta fi sabulun wanka ba, ƙaramar kuwa sabulun otal.

Tracy, mai gidan gwanjon, ta ba ni mako huɗu in rubuta tarihin kowace ɗaya. Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya a Alexandria, in sa wa tsohon ƙarfe riga don masu hali su saya. A Zariya kuwa na karanta tarihi ne da niyyar gyara ƙasa.

Kowace sanda an buga mata sunan wanda ya gwada ta, da nauyinta, da yawan tsarkinta. Kowace kuma an ɓantare mata kusurwa ɗaya. Ba lalacewa ba ce. Daga nan mai gwajin yake ɗaukar abin da zai ƙona don ya faɗi gaskiyar sauran.

Edna, matata, ba ta karya ba yau ma. Gobe ƙarfe tara za ta asibiti.

Litinin, shida da rabi na yamma

Jirgin ƙasa na Metro ya tsaya, na kira Nasir. Ɗan Zinder ne, jikan maƙeran azurfa, a nan yana tuƙa tasi. Mushe yake ce mini, wai haka ake kiran malami a ƙasarsu. Na gaya masa abin da kalmar take nufi a wurinmu, ya ce ya sani.

Na nuna masa hoton sandunan a waya, na tambaye shi yadda za a kira mutumin da aikinsa ya narka ƙarfe ya faɗi tsarkinsa.

“Bon, mai awo mana.”

“Mai awo ai na hatsi ne a kasuwa.”

“Mushe, duk wanda ya gaya maka abin da ba ka so ka ji da sikeli a hannunsa, mai awo ne.”

Na yi ta juya kalmar har gida. Mai awo, ɗakin awo, takardar awo. Ta zauna daidai.

Talata, 4 ga Maris, sha ɗaya na safe

Edna ta hana ni raka ta. Ta ce ita nas ce, ta san ƙofar, kuma hoto ne kawai da jini.

Ina ofis da sanda ta uku a hannu sai ga wayar Mama, mahaifiyarta, daga Bukuru.

“Giragori, ina ’yata? Wayarta a kashe.”

“Ta tafi awo, Mama.”

Na ɗauka layi ne ya yanke.

“Ka ce me?”

“Awo. Tana asibiti.”

Na ji kwano ya faɗi. Na ji guɗa. Sannan ta fara addu’a da Birom, wanda ba na ji sai gaisuwa da sunan abinci. A lokacin ne kalmar ta dawo mini da ma’anarta ta gida, wadda kowace mace a Najeriya ta sani, wadda ni ma na sani tun ina yaro. Mace ba ta zuwa awo sai in tana da ciki.

Shekara sha tara da aurenmu. Edna tana da arba’in da shida.

Na duba wayar daga baya, addu’ar ta kai minti huɗu. Ina da minti huɗu da zan ce, a’a Mama, ba wannan awon ba. Na ƙare su wajen cewa amin.

Talata, bakwai na yamma

Sun ga wani abu a hoton. Talata mai zuwa za su ɗauki kaɗan daga ciki su duba.

Edna ta faɗa mini haka tana cire takalmi. Na ce to. Na dafa shinkafa, ta yi yawa.

Laraba, 5 ga Maris, da rana

Chuwang, yayan Edna, ya kira daga Laurel. Yana aikin gadi a wani babban sito, yana magana kamar wani inji yana tafiya a bayansa.

“Angon ƙarni. Ashe kana nan kana aiki a ɓoye.”

“Yaya, ai da sauran lokaci.”

Wannan ita ce amsar da digiri biyu suka samar.

Ya ce Mama ta ja wa kowa kunne, kada wanda ya yi wa Edna maganar. Ciki na fari ba a ambatonsa sai ya nuna kansa. Saboda haka Bukuru ta sani, Laurel ta sani, wata ƙanwarsu a Leeds ta sani. Mai cikin ce kaɗai ba ta sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris, huɗu na yamma

Sanduna goma sha ɗaya daga cikin talatin da ɗayan suna ɗauke da suna guda: E. RUDD, CINDER FLAT. A ƙasan akwati na biyu akwai kwafin littafin aikinsa, shafi ɗari da wani abu, likitan haƙorin ya sa an ɗinke masa shi da bango kamar littafin waƙoƙin coci.

Elam Rudd. Ya iso Cinder Flat a 1868 da tanderu a kan alfadari. Garin ya kai mutum dubu biyu, yau ko rijiya babu. Ga yadda aikin yake. Mahaƙi ya kawo dutse a buhu. Rudd ya daka shi, ya auna ɗan kaɗan, ya narka shi da dalma. Ya ɗora a wani ƙaramin ƙoƙo da aka yi da tokar ƙashi, ya mayar wuta. Ƙoƙon ya shanye dalmar da duk dattin da ta kwaso. Abin da ya rage a tsakiya, in akwai, ɗigon azurfa ne kamar ƙwayar gero. Wai kafin ya daskare yakan yi walƙiya sau ɗaya. Sai a ɗora shi a sikelin da numfashi ma yake motsawa, shi ya sa ake ajiye sikelin a akwatin gilashi.

Mahaƙin yana tsaye a waje duk tsawon lokacin. Ba a barinsa ya shiga.

Juma’a, 7 ga Maris

Siket ɗin Edna na aiki ya daina rufuwa. Ta sa mai roba.

Lahadi, 9 ga Maris, biyar na yamma

Mun je coci a Laurel, sujadar Hausa da ake yi sau ɗaya a wata. Da na yi tunani da na ce ciwon kai nake yi.

Matan zumunta sun ba Edna kujera mai matashi. Wata ta karɓi jakarta. Debbie, matar Chuwang, ta cusa mata alewar citta a hannu, ta dubi cikinta, ta dubi sama. Fasto ya yi wa’azi a kan matan da suka haihu bayan tsufa, bai kalli gefenmu ba ko sau ɗaya, da irin rashin kallon da ya fi nuni da yatsa. A bakin ƙofa wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya girgiza kamar yana famfo.

Muna kan babban titi ta ce, “Farfesa, me ka yi?”

Farfesa take kirana idan na ɓata abu.

Na gaya mata. Na fara da Nevada, wanda kuskure ne. Ta bari na kai ƙarshe.

Ta yi dariya. Ta yi ta yi har ta ce in tsaya a gefen hanya, ta buɗe ƙofa ta yi amai, ta goge baki ta ci gaba.

“Babana shekara talatin yana awon kuza a Bukuru. Ka taɓa jin ya haihu?”

“Ban yi tunani ba.”

“Kai da tunani ne abincinka.”

Motoci suna wucewa, tamu tana girgiza. Ta kwance alewar cittar ta sa a baki.

“Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ni ba zan iya ba, ina da abin da nake ɗauke da shi.” Sai ta ji abin da ta faɗa, ta sake yin dariya, gajera.

Kusa da gida ta ce, “Amma bar Mama tukuna. Jininta yana hawa. Bari a ga abin da za su ce, sai a gaya mata sau ɗaya.”

Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Talata, 11 ga Maris, biyu na rana

Sun ɗauka. Minti arba’in. Filasta ƙarama ce, ba ta kai katin Metro ba.

A ɗakin jira akwai kifaye bakwai a cikin gilashi. Ɗaya ba ya motsi sosai.

Kwana bakwai zuwa goma, in ji su.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Rudd ba marubuci ba ne. Kwanan wata, sunan mai dutse, sakamako. Shafi bayan shafi kalma ɗaya ce, wadda za a fassara da “babu”. Babu. Babu. Babu. Na ƙirga arba’in da uku a jere a watan Yuli. Mutane sun yi tafiyar wata huɗu, sun binne ’yan’uwa a hanya, don su tsaya a ƙofar wani mai tabarau ya ce musu babu.

A gefen wani shafi ya rubuta cewa an fasa masa taga. A wani kuma an harbe masa kare. Bai ce komai a kai ba, ya ci gaba da babu.

Ina son mutumin. Ba na jin zan so in ci abinci da shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Mama ta aiko da saƙon murya. Waƙa ce, ita da ƙawayenta, da ganga. Minti shida. Na saurara a banɗakin ofis.

Juma’a, 14 ga Maris, sha biyu na rana

Sanda ta sha huɗu ba ta kwanta mini ba. Ita ce mafi kyau a cikinsu, hatimin Rudd ya fito ɗaya bayan ɗaya kamar jiya aka buga. Matar mamacin ta rubuto cewa ita ce wadda mijinta ya fi so, a aljihun rigar barcinsa ma yake ajiye ta. Amma harafin R ɗinta yana da ƙafa madaidaiciya, na sauran goman kuwa a karkace yake, kamar an taɓa yar da ƙarfen bugawar.

Na nuna wa Tracy. Ta cire tabarau ta mayar. Ta ce a aika ɗakin gwaji a Baltimore, suna da na’urar da take karanta ƙarfe ba tare da ta ɓantare shi ba. Mako guda.

Na ce kowa mako guda yake cewa. Ta tambaye ni wa kuma. Na ce masu gyaran mota.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Edna ta tafi aiki. Ta ce gara ta auna zafin jikin wasu.

Na wanke labule. Ban san ana wanke su ba sai yau.

Litinin, 17 ga Maris, uku na rana

Na je babban ɗakin karatu na Majalisa in nemi Rudd a tsofaffin jaridu. Na sami tallarsa sau biyu da sanarwar mutuwarsa, layi huɗu, huhu. Hayaƙin dalma ne yake cinye su duka.

A jirgin dawowa na sake buɗe kwafin, na ga abin da na tsallake. Ban da “babu” da lambobi, akwai wata kalma ta uku da yake rubutawa jefi-jefi, ma’anarta ɓurɓushi. Wato an ga alama, ba ta isa a auna ba. Sau goma sha ɗaya ta fito a littafin. Tara daga ciki na mutum ɗaya ne, wani O. Lindqvist. Kowane wata biyu Lindqvist ya kawo buhu, kowane wata biyu ɓurɓushi. Maƙwabtansa na hagu da dama, dutse iri ɗaya, babu.

A kan na farkon Rudd ya rubuta da ƙananan haruffa: matarsa ta zo tare da shi.

Lindqvist ya yi sanyi biyu yana haƙa. Bayan na taran sunansa bai sake fitowa ba.

Na wuce tasharmu da biyu.

Talata, 18 ga Maris

Kwana bakwai. Ba su kira ba.

Laraba, 19 ga Maris

Takwas.

Mama ta kira, na ce ina taro. Ina cin gyaɗa ne a gaban taga.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Nasir ya ɗauke ni. Yana azumi, bakinsa ya bushe, amma bai hana shi ba.

“Mushe, ka rame. Madam lafiya?”

“Lafiya lau.”

“Mai awonka fa?”

Na ba shi labarin Lindqvist. Muka wuce danja biyu, sai ya ce:

“Kakana yana cewa mace in ta kawo munduwar gado a duba mata, kafin ka goga ta a dutse ka dubi fuskarta. In ta riga ta sani, ka faɗa. In ba ta sani ba, ka ba ta ruwa tukuna, sannan ka faɗa.”

“To ai duk faɗa ne.”

“Eh mana. Ruwan ne bambanci.”

Juma’a, 21 ga Maris, sha ɗaya da rabi na safe

Sun kira jiya da yamma suka ce mu zo tare. Edna ta ajiye wayar ta ce, “In alheri ne a waya suke faɗa.”

Likitar matashiya ce, tana da hankali. Ta juyo mana da allon kwamfuta. Edna ta matsa kusa ta karanta da kanta, ta yi tambayoyi huɗu da Turancin asibiti, likitar ta amsa da irinsa. Kamar ina zaune tsakanin mata biyu masu cinikin kayan da ban san sunansu ba. Akwai kalma ɗaya da na gane. Ba zan rubuta ta ba, na san yadda ake rubuta ta.

Tiyata ranar Litinin, 31 ga wata. Za su cire duka. Sauran bayani sai sun buɗe sun gani.

A lif ta gyara mini kwalar riga. Ta ce, “Yanzu ka kira ta.”

Na ce bari mu isa gida.

Juma’a, biyar na yamma

A Bukuru dare ya yi. Ba a tayar da tsohuwa. Gobe.

Asabar, 22 ga Maris

Ban kira ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Ranar Lahadi ce, tana coci. Ban kira ba.

Litinin, 24 ga Maris, biyu na rana

Sakamakon Baltimore ya zo. Sanda ta sha huɗu azurfa ce tsantsa, babu gauraye ko kaɗan. Abin da ya tona ta ke nan. Azurfar Cinder Flat tana da ɗan zinariya da ɗan dalma a jiki, tanderun alfadari ba ya iya fitar da su duka. Wannan kuwa an tace ta da lantarki, kusan shekara ɗari bayan an binne Rudd. Wani ne ya zauna a garejinsa ya yi ta da kyau fiye da na gaskiya.

Tracy ta ce in rubuta wa matar, wai na fi ta iya lallashi. Na rubuta cikin minti goma sha biyu. Muna baƙin cikin sanar da ke. Wannan ba ya rage komai daga idon mijinki, goma daga sha ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Tracy ta karanta ta ce ya yi kyau ƙwarai.

Da Turanci komai yana da sauƙi. Babu wanda na sani a cikinsa.

Talata, 25 ga Maris, da safe

Na danna lambar Mama. Ta yi ƙara sau biyu na kashe. Ta kira ni, na ce kuskure ne, ina neman Chuwang. Ta ce ba komai, ta tambaya ko Edna tana son tsami. Na ce wani lokaci.

Gaskiya ne ma. Tana son tsami.

Laraba, 26 ga Maris

Edna ba ta tambaye ni ba. Tana kallona kawai idan na ajiye waya a tebur.

Ta ɗauki hutu daga yau. Ta jera magungunanta a kan firji bisa tsayi.

Alhamis, 27 ga Maris, bakwai na yamma

Chuwang ya zo da kansa daga Laurel da ƙunshi. Wani ɗan cocinsu ne ya dawo daga Jos da shi. Acca, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da zanen goyo saƙar hannu, shuɗi da fari, wanda aka goya Edna da shi. Yana warin akwatin Mama.

Ya miƙa mini a ƙofa yana raɗa, wai in ɓoye sai lokaci ya yi. Edna ta fito daga ɗaki ta karɓa daga hannuna. Ta warware shi, ta duba, ta ninke.

“Yaya, zauna.”

Ta gaya masa da Birom. Bai kai minti biyu ba. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya dube ni, na ga yana neman abin da zai ce mini, da akwai da yawa.

“Mama fa?”

“Farfesa zai gaya mata.”

“Bari ni in—”

“A’a. A bakinsa ta ji na farkon.”

Da zai tafi na raka shi mota. Ya kunna, ya sauke gilashi. “Na riga na sayi gadon jariri,” ya ce. “Yana bayan motar nan. Ina zan kai shi?”

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma.

Juma’a, 28 ga Maris, da rana

Na miƙa wa Tracy rubutun. Sanduna talatin. Ta ce sashen Rudd ya fi tsawo, ta yanke Lindqvist gaba ɗaya, wai masu saye ba sa son labarin wanda bai samu ba. Na ce daidai ne.

Na gaya mata ba zan zo mako mai zuwa ba. Na faɗi dalili, da Turanci. Ta rungume ni, tabaranta ya maƙale a maɓallin rigata, muka ɗauki lokaci muna cirewa.

Matar likitan haƙorin ta amsa. Layi biyu. Ta gode, a mayar mata da ta sha huɗun, ba ta sayarwa.

Asabar, 29 ga Maris

Na rubuta abin da zan faɗa a takarda. Shafi ɗaya da rabi. Na fara da tarihin kalmar.

Ban kira ba.

Lahadi, 30 ga Maris, huɗu na yamma

Ba mu je coci ba. Da safe Edna tana haɗa jaka a kan gado, silifa, buroshi, cajar waya. Ina tsaye a ƙofa ina ba da shawara a kan safa.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Gregory.” Ba Farfesa ba. “Gobe in ban farka ba, uwata za ta zauna sauran kwanakinta tana cewa haihuwa ce ta kashe ni. Za ta ce ita ta roƙa mini. Ka gane?”

Na gane.

Ƙarfe goma ne a nan, uku a can. Na zauna a bakin gado. Takardar tana ɗaya ɗakin, ban tashi ɗauko ta ba.

“Giragori. Yanzu na dawo daga zumunta. Yaya masu jiki biyu?”

“Mama, akwai wani kusa da ke?”

“Ladi tana nan tana tankaɗe. Me ya faru?”

“Ki zauna. Ki ce ta kawo miki ruwa.”

“Ina zaune. Faɗi.”

“Ba ciki ba ne, Mama. Tun farko ba ciki ba ne. Ni na yi kuskuren magana, kuma na kasa gyarawa. Edna ba ta da lafiya. Akwai abu a mahaifarta, mugun abu. Gobe da safe za a yi mata aiki a cire.”

Na ji tankaɗen ya tsaya. Na ji kaza a nesa, da rediyon maƙwabta. Na daɗe ina jin su.

“Ba ni ’yata.”

Na ba ta. Suka yi magana da Birom kusan rabin awa. Ban fita ba, ba wanda ya ce in fita. Edna ta yi kuka sau ɗaya, ta yi dariya sau biyu, a ɗaya daga ciki na ji sunana. Na ninke safa, na warware, na sake ninkewa.

Sannan ta miƙo mini wayar.

“Giragori.”

“Na’am, Mama.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Cewa ba ciki ba ne, tun ranar. Ɗayan kuma kwana tara.”

“Kwana tara kana ɗauke da shi, ina aiko maka da waƙa.”

“Ki gafarce ni.”

“Ban kai nan ba tukuna.” Ta ja numfashi. “Shekara sha tara ina zuwa sunan ’ya’yan mutane da kwano a hannu. Mako huɗun nan ni ake yi wa barka. Na yi rawa a gaban coci da wannan gwiwar. Gobe zan je in tsaya a wurin da na yi rawar in gaya musu da bakina, su yi azumi. Kai kuma kana da aiki ɗaya.”

“Ina ji.”

“Duk abin da likita ya fito ya ce, ka kira ni kafin ka zauna. Yadda ya faɗa. Kada ka gyara mini shi, kada ka nemo kalma mai kyau. Ka ji ko?”

“Na ji.”

“Maimaita.”

Na maimaita. Shekarata hamsin da biyu.

Litinin, 31 ga Maris, bakwai da minti goma na safe

Sun shiga da ita. Ta ba ni zobenta da tabaranta.

Litinin, sha biyu saura minti biyar

Likitar ta fito, ta cire hula, ta ce in zauna. Na ce a tsaye zan ji.

Sun cire. Ya taɓa wuri ɗaya da ba su so ba. Akwai magani na wata shida a gaba, bayan haka ba ta yi alkawari ba. Edna tana numfashi da kanta, za ta farka nan da awa guda.

Na ce ta sake faɗa a hankali, na rubuta a bayan takardar fakin mota. Sau ɗaya wayar ta yi ƙara aka ɗauka. Na karanta wa Mama duka, har da wurin da ba su so ba, har da rashin alkawarin.

Ta ce, “To. Yanzu ka zauna.”